Tabon Rana da Kuɗin Gero

 Ina so in yi magana a kan wani zance da ya shigo ƙasar Bici ta wayar hannu, ya sauka a bakin masu awo, har ya soma taɓa kuɗin gero.

Wata rana a kasuwar Badume wani Alhaji, wanda muka yi karatun allo tare muna yara, ya ja ni gindin rumfa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ka ji rana ta yi tabo?" Na ce na ji. Ya ce to, an ce Turawa sun ƙidaya tabon sun tarar ya yi yawa, saboda haka fari na tafe irin na 1973. Ya ce shi dai ya riga ya auno hatsi daga Dawanau ya kulle a sito, ba mai ganin mabuɗin sai marka ta yi nisa. Ya ƙara da cewa ko rediyonsa ma ta shaida, zama kwanan baya yana sauraron labarai da rana tsaka sai muryar ta ɗauke ɗif, ba ta dawo ba sai bayan an jima.

Na ce masa, Alhaji, maganarka tuwo biyu ce a akushi ɗaya. Batun rediyo gaskiya ne. Batun fari kuwa ba shi da ƙafar tsayawa, kuma shi ne wanda zai kwana da 'ya'yan talakawa da yunwa. Ba mu gama ba aka kira salla, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tabon rana ba sabon abu ba ne, ba kuwa Turawa suka fara ganinsa ba. Mutanen Sin sun rubuta shi cikin littattafan sarakunansu shekara fiye da 2,000 da suka wuce. Marubutan tarihin Larabawa sun ce a shekara ta 225 ta Hijira, watau 840, zamanin Halifa Mu'utasimu, an ga baƙin ɗigo a fuskar rana wanda ya daɗe kamar wata 3, har babban masanin nan Alkindi ya zaci tauraruwar Zahra ce ta gitta. Ba ita ba ce, zama Zahra kadan ta gitta gaban rana ba ta wuce 'yan sa'o'i. Wanda ya san hazon hunturu a ƙasarmu ya san yadda mutanen dā suka iya ganin haka ba tare da madubi ba, sa'ad da ƙura kan mai da rana kamar farin faifai. Amma ina gargaɗi, kada kowa ya gwada. Rana tana ƙona ido ba tare da mai idon ya ji zafi ba, kuma abin da ta ƙona ba lallai ne ya warke ba.

Da aka ƙago madubin hangen nesa, Galileo na Italiya da waɗansu suka dube shi sosai wajen 1611. Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wani mai sayar da magani a garin Dessau na Jamus, sunansa Heinrich Schwabe. Wannan mutum ya yi shekara 17 yana duban rana duk ranar da gari ya yi garau, yana rubuta abin da ya gani a littafi. A 1843 ya fito ya ce tabon nan yana yawaita ya ragu bisa wani zagaye na kamar shekara 10. Daga baya aka daidaita lissafin aka ce kamar 11, wani zagayen ya gaza, wani ya zarce. A 1908 kuma George Hale na Amurka ya gano cewa tabon wuri ne inda ƙarfin maganaɗisu ya taru, daga baya kuma aka fahimci shi ne ke hana zafin cikin rana fitowa. Zafin fuskar rana kamar digiri 5,500 ne, na tsakiyar tabon kuwa bai wuce 4,000 ba. Ashe baƙinsa na kwatanci ne, kamar garwashin da ya soma hucewa a tsakiyar wutar maƙera. Wanda aka gani a watan Mayu na 2024 faɗinsa ya kai na duniyarmu sau 15 ko fi. Zagayen da muke ciki shi ne na 25 a ƙidayar masana. Ya soma a Disamba 2019, a Oktoba 2024 hukumomin Amurka masu duban rana suka ba da sanarwa ya kai ƙololuwa, daga nan sai raguwa a hankali har wajen 2030.

To, ina ruwan rediyo da wannan? Ga yadda abin yake. Muryar da ke fitowa daga tashar gajeren zango ba ta iya bin ƙasa ta zo mana daga London ko Bon, zama duniya a dunƙule take, muryar kuwa miƙewa take yi. Abin da ke faruwa, can sama da gizagizai, daga kamar mil 40 har mil 250 ko fi, hasken rana yana taɓa iska ya cika ta da lantarki, ta zama kamar rufin ɗaki hawa-hawa. Muryar takan tashi ta bugi rufin nan ta dawo ƙasa, ta sake tashi ta sake dawowa, har ta iske akwatin rediyon mai shayi a bakin tashar motar Bici. Edward Appleton na Ingila ne ya tabbatar da wannan rufi a 1924. Hawan sama shi ke mayar da murya. Hawan ƙasa kuwa shanye ta yake yi, kuma da rana kaɗai yake nan, da almuru sai ya watse. Dalili ke nan da dare ake kama tashoshin nesa a matsakaicin zango, waɗanda da rana ko motsinsu ba a ji.

Kadan tabo ya yi yawa, hawan sama yakan yi kauri, sai mita 13 da 16 da 19 su yi ta kawo murya tar. Kadan ya ragu, sai a koma mita 31 da 41 da 49. Dattawanmu da suka saurari Rediyon Kaduna a mita 49 tun daga 1962 sun san waɗannan lambobi kamar sunayen 'ya'yansu. Sashen Hausa na BBC kuwa ya yi sa'ar lokacin haihuwa. An buɗe shi ran 13 ga Maris 1957, shekarar da tabon rana ya yi yawan da ba a taɓa ƙidaya irinsa ba, kuma har yau ba a sake ba. Saboda wannan juyi na rana, da kuma na damina da rani, tashoshin duniya ke sake mitocinsu sau 2 a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mai rediyon da bai san haka ba sai ya yi ta zagin batir.

Ɗaukewar murya da Alhaji ya ji tana da nata dalili. Wani lokaci maganaɗisun da ke kewaye da tabon yakan tsinke, wuta ta yi tartsatsi. Hasken tartsatsin yakan ci mil miliyan 93 da ke tsakaninmu da rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, ya kumbura hawan ƙasan nan mai shanye murya, sai gajeren zango ya mutu a duk gefen duniyar da rana ke haskawa, minti kaɗan ko sa'a guda ko fi. Bayan kwana 1 zuwa 3 kuma ƙurar lantarkin da rana ta watso takan iso ta girgiza maganaɗisun duniya. A farkon Satumba 1859 irin wannan ya sa wayoyin tangaraho suka yi ta tartsatsi a Turai da Amurka. Ran 13 ga Maris 1989 ya kashe lantarkin lardin Kwibek na Kanada sa'a 9, mutum kamar miliyan 6 suka zauna a duhu. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49, aka rasa 38 a cikinsu, domin iskar sama ta kumbura ta ja su ƙasa. A Mayu 2024 manoman Amurka masu shuka da tarakta mai bin GPS sun tsai da aiki a tsakiyar lokacin shuka, domin injin ya daina sanin inda kunya take.

Mu ma muna da rabonmu a ciki. Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu ya ratsa arewacin Nijeriya, a bisansa kuwa akwai wani kogin lantarki da ke gudu gabas da rana, kamar mil 65 sama da kawunanmu. Masanan jami'ar Ibadan sun soma auna shi tun shekarun 1950, Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya a kansa. A ƙasashe irin namu, bayan faɗuwar rana rufin nan yakan yamutse, musamman a shekarun yawan tabo, har GPS ya yi kuskure. Mai awon fili da matuƙin jirgin alhazai da ke ƙetare Sahara yana magana da ƙasa ta gajeren zango, su wannan ya shafa. Amma tashoshin FM na Kano ba su bi ta rufin nan, kai tsaye suke zuwa daga dogon ƙarfensu. Haka wayar hannu. Kadan waɗannan suka ɗauke, a nemi dalilin a nan ƙasa.

Duk wannan an auna, an sake aunawa, har ana iya faɗin abin kafin ya zo. Yanzu sai batun ruwa, inda maganar ta sha bamban.

Alhaji ba shi ne farkon wanda ya haɗa tabon rana da kuɗin hatsi ba, kada ya ji kunya. William Herschel, babban masanin taurari na Ingila, ya yi haka a 1801 da kuɗin alkama. Bayansa Stanley Jevons, masanin tattalin arziki, ya ce a shekarun 1870 karayar kasuwa tana bin zagayen tabo. A 1923 wani masanin yanayi, Brooks, ya nuna ruwan tafkin Biktoriya a Afirka ta Gabas yana hawa yana sauka tare da tabon rana tun ƙarshen ƙarni na 19, lissafin ya yi kyau ƙwarai a takarda. Da aka ci gaba da awo sai tafki ya kama hanyarsa, rana ta kama tata. Haka abin ya yi ta faruwa. Mai neman dacewa tsakanin abu biyu zai same ta muddin ya taƙaita shekarun da yake dubawa, kamar mai cewa duk ranar da ya sa jar hula ciniki ke kyau, alhali sau uku kaɗai ya sa ta.

Mu bar Turai, mu ɗauko shekarunmu da muka sani. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Kano, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1914. A shekarar nan ta 1913 rana ta yi kwana fiye da 300 ba tabo ko ɗaya. Sai wani ya ce to, rashin tabo ke kawo fari. Madalla. A 1954 ma tabo ya ƙare ƙaf, amma shekarun 1950 shekarun ruwa ne a duk ƙasar Hausa, lokacin da dalar gyaɗa ke tashi a Kano. A 1957 da 1958 tabo ya cika maƙil, ruwa bai fasa ba. Sai wani ya juya ya ce ashe yawan tabo ke kawo ruwa. To, babban farin nan ya soma ne a 1968, shekarar da tabo ya kai ƙololuwa, ya tsananta a 1972 da 1973 tabon yana raguwa. Farin 1983 da 1984 ya faɗo a tsakiyar zagaye, ba sama ba ƙasa. A Agusta 1988 ruwa ya fasa madatsar Bagauda, tabon yana hawa. Fari ya zo da tabo, ya zo ba tabo, ruwa ma haka. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da mudun da yau ya ci tiya, gobe ya ci rabi?

Ban ce rana ba ta da hannu ko kaɗan ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Daga 1645 zuwa 1715 tabo ya kusa ɓacewa ɗungum, lokacin kuwa ya dace da waɗansu shekarun sanyi mai tsanani a Turai, ko da yake sanyin ya riga ɓacewar tabon farawa, kuma aman wutar duwatsu yana da nasa kaso. Tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna hasken rana daga sama. Abin da suka samu shi ne tsakanin yawan tabo da ƙarancinsa hasken yana sakewa da kashi 1 cikin 1,000, watau mudu guda a cikin mudu dubu. Abin mamaki, lokacin yawan tabo ne hasken ya ɗan fi, domin gefen tabon ya fi sauran fuskar rana haske. Wannan ɗan bambanci yana motsa zafin duniya da kamar kashi 1 cikin 10 na digiri guda. Akwai shi, amma ba shi ne zai ce ran kaza ruwan shuka zai sauka a Saye ko Ɗanzabuwa ba.

Abin da masana suka tarar yana jan daminarmu shi ne teku. Ruwanmu iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga tekun Atlantika, tana tura iskar hamada arewa. Nisan da za ta kai ya dogara ga zafin ruwan teku, na arewa da na kudu. Kadan na arewa ya yi sanyi bisa na kudu, damina ba ta hawowa sosai. Binciken da aka buga a Ingila a 1986, da wani a Amurka a 2003, sun nuna farin 1970 zuwa 1980 da 'yan kai ya bi wannan, da ɗumamar tekun Indiya. Waɗansu masana sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani ya taimaka wajen sanyaya Atlantika ta arewa. Akwai kuma juyin ruwan tekun Fasifik da ake kira El Nino, wanda sau da yawa yakan rage mana ruwa. Da waɗannan hukumar NiMet ke yin hasashen damina da take fitarwa a farkon kowace shekara. Hasashen yakan dace, yakan kuskure, amma an san abin da aka gina shi a kai.

Zafin da ke ƙaruwa a bazara ma bai kamata a jingina wa tabo ba. Tun shekarun 1980 hasken rana bai ƙaru ba, zafin duniya kuwa sai hawa yake yi, har 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa. Hayaƙin kwal da fetur da gas shi ne ya ƙaru a iska, da kusan rabin abin da ke akwai kafin zamanin injuna.

Na dawo kan Alhaji da sitonsa. Ajiye hatsi ba laifi ba ne. Rumbu hikimar kakanninmu ce, kuma wanda ya saya da kaka ya sayar da bazara ya yi wa gari aiki, ya ci halalinsa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko labarin da ba a fahimta ba, a yaɗa shi a kasuwa har mai tiya biyu ya firgita ya sayar da akuyarsa ya saya da tsada, mai gona ya ƙi zuba taki don an ce masa ba ruwa. A ƙasa irin ta Bici, inda gona ke manne da gona, ba saura ba daji, magidanci da yawa abin da ya noma ba ya kai shi wata shida, sauran shekara a mudu yake ci. Naira ɗari da ta hau kan tiya saboda jita-jita, daga tukunyarsa aka cire ta. Malamai sun fi ni sanin abin da littattafan fiƙihu suka ce a babin ɓoye abinci sa'ad da mutane ke bukata, ba sai na koya musu ba. Kakalaba ma ba rashin ruwa kaɗai ya yi ta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kuɗin gyaɗa ya ja mutane, ga haraji na kuɗi a wuya, da damina ta gaza sai aka tarar rumbuna ba su da nauyi.

Ko ta fuskar riba ma lissafin bai fita ba. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, bayan cire tallafin fetur a 2023 da faɗuwar naira da rashin tsaro a ƙasashen noma. A 2025 kuɗin ya sauko, waɗanda suka kulle sito da yawa suka sayar da hasara. Duk shekarun biyu rana cike take da tabo.

Ga malamanmu masu hisabi ina da roƙo. Ku kuka riƙe mana lissafin taurari 28, kowane da kwanansa 13, kuka san ran da Surayya ke shiga da ran da Haƙa'a ke buɗe damina, manomi yana tambayarku kafin ya ɗauki iri. Wannan ilmi ne na lokaci, kuma yana da amfani. Kun kuma san bambancin abin da hisabi ke iya yankewa da abin da ba ya iyawa. Husufin rana da aka gani a Gusau da Katsina ran 29 ga Maris 2006 an faɗi sa'arsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, amma ba wanda ya taɓa faɗin ranar ruwan fari haka. Kadan almajiri ko attajiri ya zo muku da batun tabo, maganarku ta fi ta rediyo nauyi a kunnensa.

Abin da za mu iya yi da hannunmu shi ne irin na mai maganin nan na Dessau. Kowace tsangaya ta sami littafi guda. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da indararo da inuwar itace, duk ran da aka yi ruwa a sa ma'auni a rubuta inci nawa, da kwanan wata, da tauraron da ake ciki. A rubuta ranar ruwan shuka, da tsawon kowane rurumi, da ranar da aka ci tumu, da kuɗin tiyar gero a kasuwa ran Juma'ar farko ta kowane wata. Da ajami za a rubuta, gardi guda ya isa. A birnin Kano ana awon ruwa tun 1905, amma ruwan birni ba shi ne na Badume ba, kowa ya san hadari kan jiƙa gona ya bar ta maƙwabci.

Mai son ganin tabon da idonsa kuwa, ga hanya marar cutarwa. Ya sami ɗan madubi, ya rufe shi da takarda, ya huda takardar rami kamar ƙwayar wake. Ya ajiye a rana da hantsi, ya karkata shi har hasken ya shiga ta ƙofar zaure mai duhu ya faɗa kan farar takarda a bango, nisan taku 20 ko fi. Zai ga faifan rana a zagaye, kadan akwai babban tabo zai gan shi kamar ɗigon tawada. Ya duba gobe da jibi, zai tarar ɗigon ya matsa, domin rana tana juyawa a kanta sau ɗaya cikin kamar kwana 27. Bangon zai duba, ba madubin ba, yara kuma a tsare su kada su leƙa.